Daƙiƙa Goma Sha Ɗaya

Ruwan sama bai san hutu ba a Valdivia.
Yana dukan kwanon rufin jami'a,
ni kuwa ina ɗaure takardun shekara talatin da biyu
da igiyar da Antilef mai gadi ya ara mini.

Mutane sun ɗauka amsoshin yara nake nazari.
Tambayoyin manya nake ƙirgawa:
wadda ta buɗe ƙofa,
wadda ta tura yaro lungu,
wadda ta zo da amsarta goye a baya.

Kaset na farko, muryata ce a ciki.
Yarinyar shekararta shida,
takalmin robarta ja, bai kai ƙasa ba daga kujera.
Ta ce, "Da dare, in an kashe murhu..."
sai ta tsaya.
Shirun ya yi mini nauyi,
tausayi ya rufe mini ido,
na ce, "Kawunki ne, ko?"
Ta gyaɗa kai.

Kalma uku.
Lauya ya maimaita su sau tara a gaban alƙali.
Aka ce ni na sa mata magana a baki.
Magana zarar bunu.
A jirgin ruwan yamma aka mayar da ita Corral,
gidan nan dai, murhun nan dai.

Tun daga ranar nake riƙe da agogo.
A kasakasaina, babba ba ya jure shirun daƙiƙa biyu;
yaron da aka ƙyale, wani lokaci
sai a ta goma sha ɗaya yake ɗauko zaren da kansa.
Na kai wannan taro, na kai mujalla,
na koya wa 'yan sanda masu gashin baki
su zauna bisa hannuwansu su ce,
"Faɗa mini duka. Sai me ya faru?"
An ba ni farfesa. An ba ni allon yabo,
ga shi can na tokare taga da shi.

Jiya ɗalibata Ayelén ta tambaye ni
me ya jawo ni wannan fagen.
Na buɗe baki, na rufe.
Ba ta taimake ni ba. Ta naɗe hannu tana jira,
kamar yadda na koya mata.

Ina jin ruwa yana sauka a indararo.
Takwas. Tara. Goma.

Na ce, "Takalminta ja ne."