Kuɓewa a Bakin Taga

Irin da Goggo Lantana ta ƙullo min
a tsumman atamfa
na binne cikin kofunan yogot sha ɗaya,
na jera a tagar kicin.

Afrilun Bradford ba ya cika alkawari:
hantsi rana, la'asar ƙanƙara.

Tattasai ya yi gum.
Yakuwa ta leƙo da kunne biyu.
Kuɓewa uku, sirara,
sun miƙa wuya wajen gilashi
kamar masu jiran bas.

Doreen ta ce ta kan katanga,
"Kar ki fitar sai ƙarshen Mayu."
Albasarta har ta kai taƙi.

Na juya kofunan.
Gobe su sake karkata.
Ni ma haka na yi, shekarar farko.