Madogara

Farfesa Lamptey ya zagaye jimlata da jan biro,
ya ajiye kalma ɗaya a gefen shafi: Madogara?
Na tattara takarduna na gangaro daga tudun Legon,
na matsa cikin trotro mai zuwa Nima.
Yaron mota yana ƙirga canji a tafin hannu,
ni ina ƙirga watanni.
Saura bakwai kuɗin tallafi ya ƙare.

Jimlar ba ta da tsawo.
Cewa na yi filin gidanmu kyauta ne,
mai ƙasa ya ba kakan babana
a gaban mutum shida da ƙwaryar goro.
Mutum shidan suna kwance a maƙabarta.
Goron kuwa an tauna.

Shekara biyu ina bin dokar filaye kamar mai bin bashi,
yau ta ce gobe, gobe ta ce duba ƙaramin sashe.
Na je ɗakin ajiyar tsofaffin takardu,
aka kawo mini kundi ɗaure da zare,
na buɗe, ashe gara ta riga ni karatu,
ta cinye daidai layin da suna zai zauna,
ta bar mini hatimi da tambarin sarauniya.

A unguwa sun riga sun naɗa ni.
Lauya Hamdiya, ga sammaci, duba mana.
Lauya Hamdiya, ɗana yana hannun 'yan sanda.
Na gaji da cewa ni bincike nake yi,
ba na tsayawa gaban alƙali.
Sai su ce to binciken me,
wani abu ne ya ɓata?

E. Wani abu ya ɓata.
Ran Asabar aka shafa jan fenti a katangarmu,
lamba uku da sunan kamfani.

Da dare aka ɗauke wuta.
Mma Lariba tana tsince wake a hasken wayata,
na karanta mata tambayar Farfesa.
Ta yi dariya har ta ƙware.
Ta ce ita takardar daga sama ta faɗo?
Ba wani ne ya faɗa wani ya rubuta ba?
Ta ce tashi. Ta ja ni bayan banɗaki,
ta taka wuri da dunduniya:
nan aka binne rabin dutsen niƙa,
ɗaya rabin yana gidan mai ƙasa,
in jikokinsa ba su yi murhu da shi ba.

Ban tona ba. Ina tsoron in samu,
na fi tsoron in rasa.

Wuta ta dawo ƙarfe biyu, fanka ta yi tari ta tashi.
Na buɗe babi na huɗu,
na sauka ƙasan shafi inda ƙananan haruffa ke zama,
na rubuta: ɗari da goma sha huɗu,
Lariba 'yar Garba Mai Fata, shekara tamanin da wani abu,
hira a tsakar gida, daren Talata.

Ranar Alhamis zan kai masa.
Jan bironsa bai ƙare ba, na gani.