Shantun Tasalla

Naira ɗari biyu na ba Shitu mai tura fina-finai,
can bakin tashar Daura, kusa da mai faci.
Na ce ya zaɓo abin da zai wanke min gajiyar asibiti.
Ya ce, "Ga zane daga Japan. Na yara ne, ina ji."
Shitu bai kalla ba. Allah ya yafe wa Shitu.

Mata uku ne, a wani zamani da ya shuɗe,
kowace hannunta a kafaɗar ta gabanta,
suna keta ƙanƙara har gwiwa.
Ni da ban san ƙanƙara ba sai ta leda,
wadda muke fasawa a zoɓo,
sai ga ni ina jan zane ina rufe ƙafa
a tsakiyar bazara.

Ta tsakiyar tana goye da wani abu kamar molo,
tsirkiya uku, dogon wuya.
In sun isa ƙauye sai su roƙi rumfa.
Tana kaɗawa sai duniya ta warware:
rufin ɗaki ya tashi ya zama tsuntsaye,
kogi ya miƙe tsaye ya gyara ɗamara,
tsohon da ke tari a lungu ya koma saurayi
tsawon baiti ɗaya.
Mai zanen nan, ko wane ne shi,
ya sha nonon uwarsa ya ƙoshi.

Sau tara na kalla, na ƙirga.
Rubutun ƙasa yana gudu kamar ɗan acaɓa,
na daina bin sa.
Na haddace waƙar da ban san me take faɗa ba,
ina rera ta ina jera kwalaben gwaji
har Sista Ladidi ta tambaye ni ko lafiya.

A na goma kakata ta shigo.
Tasalla. Yana ta rufe idonta tun bara waccan.
Ta laluba tabarma ta zauna,
ta karkata kunne kamar mai jin tafasar tukunya.
Ta ce, "Su wa ke kiɗa?"
Na ce, wasu mata ne na can nesa, sun daɗe da mutuwa.
Ta ce, "Ba su ci abinci ba.
Ji yadda take jan bugun ƙarshe.
Haka Kande take yi in masu biki sun manta da mu."

Ban taɓa jin sunan Kande ba.

Ashe su ma uku ne:
ita, da Kande, da Delu Ƙarama,
daga Daura zuwa Sandamu a ƙafa,
Zango in an samu jaki,
shantu a hammata, goro ɗaya a raba uku.
Ba kaset, ba hoto.
Biyun suna kwance bayan gari,
waƙoƙinsu sun bi su ko sallama babu.

Wayata ta yi ƙara, caji ya kusa ƙarewa,
wuta kuwa tun Talata ba mu gan ta ba.
Matan suna tsakiyar gada, iska na fizgar su,
mai molo ta ɗaga hannu,
allo ya yi baƙi.

Tasalla ta ce, "Ɗauko min abin nan a saman rumbu."
Na ɗauko. Zanzaro ya yi gini a bakinsa.
Ta fasa ginin da babban yatsa, ta hure,
ta yaye zane daga cinyar da ta zama kamar kara,
ta buga.
Ta kuskure. Ta zagi hannunta. Ta sake.
Ta ɗauki kiɗan daidai inda wayar ta yar da shi,
ta haye da matan nan gadar,
ta sauke su a tsakar gidanmu, kusa da turmi,
ƙanƙara na narkewa daga kafaɗunsu.

Ban san yadda ake godiya da Japananci ba.
Gobe dai zan koma wurin Shitu in sa shi ya kalla.
Zanzaro kuwa ya nemi wani gidan.