Tattaki Zuwa Ijora

Asabar da hantsi na shiga danfo a Agege,
yaron mota na rataye a ƙofa yana kiran Oyingbo.
Na sauka, na ƙara ɗaure takalmi,
na nufi bakin ruwa da ƙafa.

Layin dogo ya raka ni ɗan nisa,
sai ciyawa ta haɗiye shi.
Ga kan jirgi kwance cikin tsatsa,
ƙadangare ne direbansa yanzu.

Can gaba, bututun tsohon gidan wuta,
baki buɗe, babu hayaƙi.
Nan kawu Tanimu ya shekara sha tara
yana ɗura wa tukunya kwal da shebur.
Ikko ta kwana da haske,
shi ya kwana da tari.

Na zauna kan wani ƙarfe da ban san sunansa ba.
Kainuwa na wucewa, ba ta tambayi kowa hanya.
Mai kwalekwale ta ɗaga mini hannu,
na ɗaga mata gorar ruwana.

La'asar ta yi, ƙafa ta yi nauyi.
A aljihuna akwai kuɗin mota
da jar ƙusa guda da na tsinta.
Zan kai wa kawu,
ko tafin hannunsa zai gane ta.