Safar Hannu Ɗaya

A Tromso, watan Disamba, rana ta yi tafiyarta
ba ta bar sallahu ba.
Agogo ya ce bakwai, taga ta ce tsakar dare,
ni dai agogo nake bi.

Eskil, tashi. Tuva, tashi.
Ita ta ce ƙafarta ba ta farka ba tukuna.
Shi ya ce malama na son kwalin ƙwai
guda uku, yau ɗin nan.
Sai yanzu yake faɗa mini,
baki cike da burodi.

Riga kan riga kan riga,
har yaro ya koma dami mai ido biyu.
Na ja zif na ƙarshe,
Tuva ta ɗago kai: fitsari.
Mu koma farko.

Jar safar hannu ta ɓata,
ta huɗu ke nan bana.
Na yi faɗa, na cire tawa na zura mata,
ta haɗiye ta har gwiwar hannu,
tana kaɗa ta kamar tuta.

A bakin makaranta ba wanda ya waiwayo.
Haka ake so, in ji mutane.
Na dai tsaya, sanyi na cizon yatsuna,
har hulunansu suka ɓace a ƙofa.

A bas ɗin zuwa kamfanin kifi
na laluba aljihu neman kati,
sai ga jar safa, jiƙe sharkaf,
da rabin biskit a cikinta.
Ashe ni na tsince ta jiya.

Ba zan faɗa ba.