Gonar da Ke Cikin Ƙarfe

Gudumar injin niƙan Ladan ta tsage
ran Laraba, kwana tara da zubi.
Kawu Nomau ya juya ta a hannu,
ya ƙwanƙwasa, ya kasa kunne, ya ce:
"Wanga ƙarhe mugun hali garai,
waje sumul, ban san mi ac ciki ba."

Na yanko guntu kamar ɓarin goro,
na kai ɗakin gwajinmu a Kalambaina,
na goge shi har na ga idona a kai,
na ɗiga masa ruwa mai cin fata.
Washegari na goyo Kawu a babur,
warin gawayi bai bar rigarsa ba.

Ya sa ido a madubin ƙara girma,
ya yi shiru. Can ya ce, "Gona ce!"
Gona ce, Kawu, ga iyakokinta.
Farin filin nan tsurar ƙarfe ne,
mai laushi kamar fadama bayan ruwa.
Inda kunyoyi suka jeru ɗaya bayan ɗaya
kabon ne ya yi huɗa,
ɗan'uwan gawayin da ka sani tun kana yaro.
Kaɗan ya ba da ƙarfi,
ya yi yawa ya hana lanƙwasa,
abin da bai lanƙwasa kuwa karyewa yake.

"To baƙin zanen ga da ab bi gyaffa?"
Farar wuta ce. Ta shigo da tarkacen
da ka saya a Kara, buhu uku.
Ba ta shiga gona, iyaka take bi
kamar mai kai gulma tsakanin maƙwabta;
zafi na tashi ta narke, zumunci ya rabu,
tun a cikin yashi tsagar ta fara.

Da ka jefa manganis, ko cikin cokali,
da ya kama ta ya dunƙule
ƙanana, kamar ƙwayar gero a tuwo.
Ramukan can iska ce ta maƙale,
silikon ke korar ta kafin a daskare.
Kuromiyam shi ƙawancen kabon yake nema,
su haifi tsakuwa mai gagarar zarto.
Nikel ba ya barin sawu,
narkewa yake kamar gishiri a miya,
sai ranar duka ake sanin yana nan.

Ya ɗago kai yana murza ido.
"Shekara arba'in ina zubi,
ashe noma nikai, ban san ƙasata ba."
Na ce gonakin ma sun yi faɗi da yawa,
ka bar shi ya huce a hankali cikin yashi;
a mai da shi wuta, a fitar ya sha iska,
sai su tsattsage ƙanana, su riƙe juna.

Bai ce na yi gaskiya ba.
Ba ya faɗa wa 'yar ƙanwarsa haka.
A hanyar komawa, daidai Runjin Sambo,
ya taɓa kafaɗata, na rage gudu.
"Wanga manganis," ya ce, "nawa a mudu?"