Indararon Gida Mai Lamba Tara

A garin Blaenau ruwan sama ba baƙo ba ne,
ɗan gari ne, ya girme mu duka.
Ni Emrys, mai wanke tagogi,
shekara talatin da ɗaya ina bin sawunsa da tsumma.

Gethin, ajiye wayar nan, zo ka riƙe tsani.
In ya hau kamu huɗu,
ja gindinsa kamu ɗaya daga bango.
Haka aka koya min,
kuma har yau ƙashina bai san mai ɗori ba.
Kada ka jingina shi a jikin indararo,
roba ce, in sanyi ya kama ta ba ta da alkawari.
Dubi inda wayar lantarki ta bi tun kana ƙasa.
In ka hau, hannu ɗaya naka ne,
sauran gaɓoɓi uku na tsani ne.

Gilashi sai daga baya.
Wanda ya wanke taga kafin ya yashe indararo
aikin baban giwa ya yi,
caɓi zai sauko ya sa hannu a kan aikinsa.

Ga tsohon tsumma, cusa shi a bakin bututu
don kada abin da ka taro ya gangara maƙogwaro.
Sa safar hannu. Rataye bokiti a ƙugiya.
Fara daga baki, ka riƙa kwasowa kana nesa da shi:
ganyen kaka da ya ruɓe ya zama baƙin kunu,
gansakuka kamar soso,
tsakuwar rufi, gashin tattabaru,
wani lokaci har ƙaramar bishiya,
ta kafa saiwa a bene na biyu ba ta biyan haya.
Kada ka miƙa jiki don ka cim ma na can.
Sauko ka matsar da tsani.
Gwiwa za ta yi ƙorafi, bar ta ta yi.

Na sani, akwai injin zuƙa a cikin mota,
da doguwar sanda mai kyamara a ka.
Yana da rana, ban raina shi ba,
musamman a gidajen da tsani ke jin tsoro.
Amma inji ba ya jin inda haɗi ya saki,
yatsa ne ke ji.

Yanzu zare tsumman, miƙo min tiyo,
je ka kasa kunne a gindin bututu.
Ka ji wani abu?

Shiru.

To, akwai magana a ciki.

Muka kwance gwiwar bututun,
ruwan bara ya zubo mana a takalma,
sai ga ƙwallo, ƙarama, ta yi kore,
da sawun haƙora a jikinta.

Misis Nerys Pugh tana bakin ƙofa da shayi kofi biyu.
Ta dubi ƙwallon, ta daɗe.
Ta ce, ta Mot ce, karenmu.
Idwal ne ya jefa ta da ƙarfi wata Lahadi,
ya ce gobe zai hau ya ɗauko.
Shekara huɗu ke nan,
babu karen, babu mai jifan.
Shi ya sa bangon ɗakin ya yi ta jiƙewa, ashe.

Ban ce komai ba. Me zan ce?
Na ɗauraye ta a bokitin tagogi,
ta karɓa ta sa a aljihun rigar sanyi, da lemarta.

Muka mayar da gwiwa, muka ɗaure.
Na sake sakin tiyo.
Wannan karon bututu ya yi gyaran murya,
ya kwarara har ƙasa.

Gethin ya ce, Kawu, nawa zan rubuta?
Na ce rubuta na indararo kawai.
Ɗauko sabulu, saura tagogi bakwai,
ga hadari can ya taso ta kan dutse.